Sawun Haƙori a Fuskar Sarkin Rum

"Umma, wannan mutumin da Lujain take tsotsa, Musulmi ne?"

Nuha ce ta yi tambayar, 'yata ta fari, shekararta shida. Ranar Asabar ce da hantsi, muna falon gidanmu na unguwar Nuzla, a nan ƙasar Larabawa. Ina tsince shinkafa, surukata Hajja Zubaidatu tana kishingiɗe ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, tana shan sanyi tana jan carbi, Lujain kuma tana kwance a cinyata, lamo, da abin wuyanta a baki.

Na ce, "Wane mutum?"

"Na jikin dirhamin wuyanta mana. Ba shi da hula, ba shi da gemu. Kuma Abla, malamarmu, ta ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoto."

Hajja ta ɗago kai. "Iskuti, ya bint, rufe mana baki! Ke da Ablar taku. Wa ya ce ki kalli wannan gefen? Gefen alhaji ake kallo."

"To ai shi ma yana nan, Sitti, ko ba a kalle shi ba."

"Kin ji 'yarki ko, Hikima? Bakin nan daga Zamfara kika taho mana da shi."

Dirhamin yana da tarihi a gidan, kuma duk amaryar da ta shigo sai an karanta mata shi. Kaka Musbahu, kakan mijina Abdulghani, ya baro ƙasar Zamfara da ƙafa, ya yi shekara bakwai a hanya, yana noman ƙodago a Sudan yana ƙara gaba, har ya tsallako teku, bai kuma koma ba. An ce a hanyar Madina ya yashe wa wani Balarabe makiyayi rijiyar da ta rufta, shi ne ya ba shi wannan 'yar ƙaramar azurfa, wadda faɗinta bai wuce farcen babban yatsa ba. A gefe ɗaya akwai mutum a tsaye ya yafa mayafi, da reshe a hannu, da ɗan raƙumi a wajen ƙafarsa. Gidan duka sun yarda alhaji ne cikin harami. A ɗaya gefen kuma kan wani mutum ne mai dogon hanci, shi ne ake juyawa ya kalli ƙirjin yaro. Kaka ya huda ta ya zura zare. Tun daga lokacin, duk yaron da ya fara haƙori a gidan sai an rataya masa, ya yi ta gurgura har haƙoran su gama fitowa. Abdulghani ya sha, 'yan uwansa shida sun sha, Nuha ma ta sha fiye da shekara guda.

Ni ban taɓa ƙi ba. Azurfa ce, ba ta tsatsa, tana da sanyi a dasashi. Nawa dai shi ne in riƙa wanke zaren.

Amma Lujain mako shida ke nan ba ta da lafiya. Watanta goma sha huɗu. Da ta fara takawa, tana cewa "Umma", tana cewa "moya" idan tana son ruwa. Sai ta daina cin abinci. Bayan gida ya ɗaure, sai ta kwana uku ba ta yi ba. Amai da safe, kuka ba dalili, tafin hannunta ya yi fari fat. Takun ya tsaya, kalmomin biyu ma suka ɓace. Na sayo maganin zazzaɓi a kemis, na sayo na ƙarin jini. Hajja ta ce haƙori ne, na turame, su ne masu wahalar da yaro. Ta kuma lura dirhamin yana saurin yin duhu, ta ce ciwon yake zuƙewa daga jikin yarinyar. Don haka kullum da yamma sai ta matse lemon tsami a ɗan finjalin gahawa, ta ƙara ruwa, ta jiƙa shi a ciki. Da safe ta fito da shi yana ƙyalli, ruwan kuma ta ba Lujain cokali guda, da bismillah.

Saboda tambayar Nuha na zare shi daga bakin yarinyar, don in juya fuskar ciki a huta da magana. Da na riƙe shi kusa da idona sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. A kumatun mutumin akwai 'yan ramuka biyu jere, na juya bayansa, ga wasu biyu a kan raƙumin. Na buɗe bakin Lujain da yatsa. Haƙoranta na gaba ne, biyu sama biyu ƙasa. A wuyan farar singiletinta kuma, daidai inda yake kwanciya, wani tabo toka-toka da na sha wankewa yana dawowa.

Nuha ta fi ta cizo nesa ba kusa ba, ni shaida ce. Shekara guda tana gurgurar abin nan, ba ta bar masa ko ƙwarzane ba.

Sai ƙauyenmu ya faɗo mini a rai. Ina da shekara goma sha biyu maza suka fara kawo dutse daga ramukan zinariya suna niƙawa a tsakar gida, inda muke shanya hatsi. Yara suka fara ƙin abinci, suka fara amai, daga nan sai jijjiga. Ƙanena Zaharadden shekararsa biyu. Ni nake goya shi, a bayana ya fara sanƙarewa. Da likitoci suka zo daga baya suka ce gubar dalma ce a cikin ƙurar dutsen. Na kori tunanin, na ce wa kaina me ya haɗa dalma da azurfar da ta shekara kusan ɗari a gida ɗaya. Amma hannuna ya riga ya fara kwance ƙullin zaren.

Hajja ta ce, "Me kike yi haka?"

"Zaren ya tsufa, Hajja. Zan shiga kasuwar Balad in sa a canza shi."

"Yarinya ba lafiya za ki raba ta da shi? Ki jira mijinki Abu Nuha ya dawo daga aiki a warsha."

"Yanzu zan dawo."

Ƙarya na yi mata, karo na farko a shekara takwas da aurena. Na sa abaya, na saɓa Lujain a kafaɗa, na tari tasi.

Maƙerin zinariyar da na sani a Balad ya juya dirhamin sau biyu ya ce wannan ba aikinsa ba ne, in shiga lungu na uku in tambayi Ammi Abdulmohsen, mai tsofaffin kuɗi. Shagon ɗan ƙarami ne, mutum biyu ba sa tsayawa a ciki sai sun gogi juna. Dattijo ne siriri, da tabarau a goshi da wani a ido. Yana ganin abin da na ajiye a kan tebur ya yi dariya.

"Masha Allah! Ya binti, ina kika samo Ƙaisar?"

"Dirhamin kakanmu ne, Ammi. Na alhaji da raƙumi."

"Alhaji!" Ya sake yin dariya har da tari. "Wannan alhajin, Allah ya karɓa masa, mace ce."

Ya jawo wani littafi mai kauri, duk hotunan kuɗi, ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa, sannan ya juyo mini da shi. Ga namu nan a takarda, kai da ƙafa. Ya ce sunansa dinariyus, kuɗin azurfa na daular Rum, daga sunansa ma aka samo dinari. Mai dogon hancin sarkinsu ne, Turajan. Abin da ke kansa, wanda muke ɗauka igiya ce, rawanin ganye ne na wanda ya ci yaƙi. Haruffan bokon da suka kewaye shi sunansa ne da laƙabansa a gajarce, da su ake gane shekarun da aka buga kuɗin. Ya ce Rumawa idan za su zana ƙasa sai su zana ta a siffar mace, su ajiye mata alamar da za a gane ta. Wannan mai raƙumin ƙasar Larabawa ce. An buga shi bayan sarkin ya haɗiye masarautar mutanen arewa masu sassaƙa gidaje a jikin duwatsu, don duk wanda ya karɓi canji a kasuwa ya san an ci su.

"Shekara dubu ɗaya da ɗari tara, ya binti. Ya riga haihuwar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da fiye da shekara ɗari huɗu. Ba abin mamaki ba ne makiyayi ya tsinci irinsa a hanyoyin arewa. Kakanku bai yi ƙarya ba, karatun hoton ne dai..."

Na katse shi. "Ammi, ka yi haƙuri, ni ba sarki ya kawo ni ba. Azurfa ce?"

Ya dube ni ta saman tabarau. Sai ya ɗauko ɗan madubin da suke maƙalawa a ido ɗaya, ya kunna fitila, ya sunkuya. Dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana juya shi a gefe-gefe. Ya ɗora a ɗan sikeli, ya taɓe baki, ya ce nauyi bai tona komai ba, ya yi kusa. Daga aljihun tebur ya fito da wani mai kama da shi, na wani sarkin daban, ya sake shi a kan dutsen marmara. Ƙara ta tashi siririya, ta daɗe a kunne. Ya saki namu. Ya faɗi tuɓ, kamar an yar da ɗanyen wake.

"Zo ki gani da idonki."

Ya ba ni madubin ya nuna mini yadda ake riƙewa. Ya ce na gaske da guduma ake buga shi, a sa guntun azurfa tsakanin hatimi biyu a doka, shi ya sa haruffansa suke da kaifi ko sun tsufa, kuma ƙarfen yakan tsage kaɗan a baki. Na duba nasa, na ga haka. Na duba namu. Haruffan sun yi laushi kamar rubutun jikin sabulun da aka fara wanka da shi, fuskar duk ƙananan ƙuraje da ramuka. Ya ce kumfar iska ce, ta ƙarfen da aka narka aka zuba a rairayi. A gefensa ya nuna mini wani layi siriri da ya zagaye shi, inda rabi da rabin mazubin suka haɗu, an bi da zarto an share amma bai ɓace duka ba.

Sannan ya yago farar takarda daga littafin rasit, ya goga gefen dirhamin a kai. Ya zana layi toka-toka, kamar fensir.

"Dalma ce, da ɗan kuza a ciki. Irin wadda ake liƙi da ita."

Na ce, "Amma yara takwas sun sha shi, ba abin da ya same su."

"Ba wannan suka sha ba. Dubi hudar. Huda ta gaske da ƙusa ko da abin huji ake yi, ana ganin inda ƙarfe ya ture. Wannan tare da ita aka zuba shi. Na jabun da ake sayar wa baƙi ba huda suke zuwa. Wanda ya yi wannan, naku na gaske yana hannunsa, shi ya danna a rairayi, har da hudar kakanku. Kuma mai sana'a ne, hannunsa ya san zarto." Ya mayar da madubin idonsa. "Waɗannan ramukan huɗu fa? Ba na zubi ba ne."

Ya ɗago ya kalli Lujain, kanta a kafaɗata, idonta rabi a buɗe.

"Tun yaushe?"

"Wata biyar." Na gaya masa zancen lemon tsami da cokalin safe.

Dattijon nan ya miƙe da saurin da ban zaci yana da shi ba. Ya saka dirhamin a ambulan, ya rubuta wani abu a bayanta da Larabci, ya danƙa mini. "Ki ba likita wannan. Kada ki koma gida, kada ki tsaya kiran kowa. Yalla, mustashfa, yanzu." Da kansa ya fito har bakin titi da silifas ya tare mini mota.

A cikin motar ne na bar kaina ya kai inda yake gudu. Abu Nuha gyaran lagireto yake yi a wata warsha a Khumra. Shekara goma sha biyar yana narka dalma yana liƙe bututun ruwan mota. Kuma shi kaɗai Hajja take ba makullin akwatinta, inda dirhamin yake zama idan babu yaro mai haƙori.

A asibiti suka nemi iƙama, katin izinin zama a ƙasar, na nuna tawa da ta yarinyar a waya, aka ba mu lamba. Ba mu kai ga layinmu ba. Ina zaune a benci na ji jikinta ya ƙame a hannuna, bayanta ya lanƙwashe, idanun suka juye. Na san wannan ƙamewar, bayana ya san ta. Ban san na yi ihu da Hausa ba sai da wata mai shara 'yar Nijar ta jefar da tsintsiya ta rugo tana cewa, "Kawo ta nan, 'yar uwa, nan!"

Likitar yara mace ce, Dakta Wafa'. Bayan jijjigar ta lafa, an sa wa Lujain ruwa, na miƙa mata ambulan. Ta karanta rubutun dattijon, ta zazzago dirhamin a kan auduga ba ta taɓa shi da hannu ba, ta yi mini tambayoyi. Da na zo kan lemon tsami ta rufe ido na ɗan lokaci. Ta ce tsami yana narkar da dalma ya sa ta shiga ruwa, cokalin nan ya fi tsotson illa. Ta ce za a aika jini a auna, amma ba za ta zauna jiran sakamako hannu rabbana ba.

Abu Nuha ya iso bayan la'asar da kayan aikinsa a jiki, yana warin warsha. A barandar ɗakin yara na tare shi.

"Umm Nuha, me ya faru? Ummi ta ce kin fita canza zare."

Na kama hannunsa na buɗe tafin, duk tabon ƙuna ƙanana, na ɗora masa ambulan. Ya leƙa ciki. Bai tambaye ni komai ba, a nan na tabbata.

Na ce, "Yaushe?"

Ya jingina da bango. "Shekara huɗu. Lokacin sabunta iƙamarki da ta Nuha. Kafili, mai tsaya mana a wajen hukuma, ya ce ba ruwansa, wa'adi ya zo. Da an mayar da ku. Na kai wa wani mutum a haraj, kasuwar gwanjo, ya saya." Ya matse ambulan ɗin. "Na ɗauka a akwati zai zauna, wallahi. Ummi ba ta gani sosai. Na ce in Allah ya buɗa sai in nemo shi."

"Ranar da ta ɗaura wa Lujain kana zaune. Kai ka ce amin."

"Me zan ce mata? In ce na sayar da kakanmu?"

"Ka ce mini ni."

"Umm Nuha, kullum abin nan yana hannuna. Da hannun nan nake cin abinci. Kowa a warsha haka yake, ba wanda ya mutu. Ban san yana yin komai ba."

"Na ba ka labarin Zaharadden. Sau nawa?"

Ya dube ni, idonsa jawur. "Kin ce ƙurar zinariya ce."

Gaskiya ya faɗa. Haka muke cewa a garinmu, ƙurar zinariya ta kashe yara. Shekara takwas ina kwana da mutumin da ke narka dalma, ina wanke masa kaya, ban taɓa furta masa sunan abin ba.

Muna tsaye a haka Hajja ta iso, maƙwabcinmu ya kawo ta, tana dogara sanda, Nuha tana riƙe da gefen abayarta. Ta leƙa ta gilashi ta ga jikarta da allura a hannu, ta juyo kaina.

"Ina dirhamin? Na ce kada ki cire, kika cire. Wata biyar yana wuyanta ba ta taɓa jijjiga ba, yau kin raba ta da shi da safe, kafin azahar ga abin da ya faru. Hatihi, ba ni nan in mayar mata. Na taho da finjalin ma."

Ta zaro shi daga jaka, a naɗe cikin leda, da rabin lemo.

Na kalli mijina. Yana kallon tayil ɗin ƙasa, ambulan ɗin a dunƙule a hannunsa. Na gane cewa idan na yi shiru, gobe ko jibi, ran da na shiga wanka, wani zai ɗaura wa yarinyar nan zare a wuya saboda ƙauna.

Na ce, "Abu Nuha, ko kai ko ni."

Ya durƙusa a gabanta a barandar, mutane suna wucewa. Da Larabci ya faɗa mata, harshen da yake yi mata magana tun yana yaro, a hankali, bai rage komai ba. Na ja Nuha gefe na sa ta kalli kifayen da aka zana a bango. Hajja ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga sanda ba. Da ya gama ta daɗe tana kallon ledar da ke hannunta. Sannan ta juyo gare ni, ta yi Hausa.

"Hikima. Ruwan da nake ba ta fa?"

Ina iya cewa ba komai. Tsohuwa ce, tana da hawan jini. Amma akwai jikoki goma sha ɗaya a gidajen 'ya'yanta, akwai masu zuwa, kuma ita ake tambaya idan yaro ya fara haƙori.

Na ce, "Likita ta ce shi ya fi yi mata illa, Hajja."

Ta sulale ta zauna a ƙasa, sandar ta faɗi gefe. Ba ta yi kuka ba. Ta riƙa goga tafin hannunta na dama a jikin abaya, tana gogawa, tana gogawa, har na tsuguna na riƙe hannun.

Sakamakon ya fito rana ta uku. Dakta Wafa' ta ce idan awon ya kai biyar ma hankalinsu yakan tashi, na Lujain ya haura saba'in. Kwana goma sha tara muka yi ana ba ta maganin da ke janye dalma daga jini, bayan wata biyu aka sake wani zagayen. An auna Nuha, an samu kaɗan a jikinta, daga kayan aikin babanta. Yanzu a warsha yake wanka ya canza kafin ya taho, kayan kuma ba sa shigo mini gida. Kowace safiya a ƙofar asibitin iƙamar nan ake tambayata, wadda aka sayar da azurfar don ta. Na kasa sanin yadda zan ji game da wannan, har yau ban sani ba.

Lujain ta rayu, alhamdu lillahi. Shekararta uku da wata biyu yanzu. Tana tafiya, tana gudu ma, tana son kankana. "Umma" ta dawo bayan wata bakwai. "Moya" ba ta dawo ba, sai dai ta ja ni zuwa firiji ta nuna. Idan an kira sunanta wani lokaci takan juyo, wani lokaci a'a. Likita ta ce abin da ke cikin jini an fitar da mafi yawansa, abin da ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa kuma ba wanda zai yi mini alkawari a kai, sai lokacin makaranta ya zo a gani. Duk Talata ina kai ta wajen mai koyar da magana.

Ina nan a gidan. Abu Nuha ya koma haraj ya fi sau goma yana neman mutumin, na ce masa ya bari, ko ya samo shi ba wuyan da zai hau. Muna gaisawa, muna cin abinci tare, wata rana har mu yi dariya. Akwai ranakun da in na ga hannunsa a kan yarinyar sai in tashi in shiga kicin. Hajja ita ke ba Lujain abinci a baki, ba ta yarda kowa ya karɓe ta. Tun daga ranar ban sake ganin ta yanka lemo ba, ko a shayi.

Nuha ba ta manta tambayarta ba. Bayan mun dawo gida ta sake yi. Na ce mata a'a, ba Musulmi ba ne, sarkin Rum ne, ya mutu tun kafin a haifi Annabi.

Ta ce, "To me Lujain ta yi masa?"

Na ce, "Ba shi ba ne, Nuha. Nasa na gaske ke kika sha, ga ki nan lafiya lau."

"To wa ne?"

Na ce ta je ta wanke hannu, abinci ya sauka.

Ke da kike karanta wannan, idan akwai wani ƙarfe a wuyan ɗanki ko a ƙugunsa ko a hannunsa, kuɗi ne, zobe ne, ko wani abin gado da aka ce kakanni sun sha, ki ajiye takardar nan ki je ki cire shi yanzu. Kada ki ce ai na gida ne, an san shi. Mu ma mun san namu. Ki goga shi a farar takarda, ki duba ko haƙori ya shige shi. Ko bai zana ba, ko bai lotsa ba, kada ya koma bakin yaro, kuma kada a jiƙa shi a ba shi ruwan. Idan yaron ya daina cin abinci, cikinsa ya ɗaure, ya yi fari, ya manta kalmar da ya iya jiya, kada ki bari a ce miki haƙori ne. Ki kai shi asibiti tare da ƙarfen, ki buɗe baki ki ce a auna dalma, ki kira sunanta, dalma, a gaban likita da gaban mijinki da gaban surukarki. Za a ji haushinki a gida, ki bari a ji. Ni mako shida na yi ina gudun ɓacin ran mutane, kuma kowace safiya a cikinsu cokali guda ne.